Ƙasa Mai Rai: Tambayoyi da Amsoshi Kan Haɗa Ƙasar Shuka a Gida

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin masu son shuka kayan lambu a fangali ko a tukwane ba tare da takin zamani ba. Wasu amsoshin gajeru ne, wasu kuma sai an zauna.

Me ake nufi da ƙasa mai rai? Ai ƙasa ƙasa ce.

Ba ɗaya ba ne. Ka ɗebi ƙasar da ke ƙarƙashin bishiya inda ganye ya shekara yana zuba yana ruɓewa, ka ɗebi ta filin da aka share tas rana tana dukansa, ka sansana kowace. Ta farko baƙa ce, tana da ƙamshi, tana marmashewa a hannu. Ta biyu turɓaya ce kawai. Abin da ya raba su halittun da ke ciki ne: bakteriya, zaren fumfuna, ƙananan tsutsotsin da ido ba ya gani, ƙwari da tana. A cokalin shayi ɗaya na ƙasa mai kyau ana iya samun bakteriya daga miliyoyi ɗari har zuwa biliyan guda. Su ke cin mataccen ganye da kashin dabbobi, su ci juna, su bar abin da saiwa za ta iya sha. Mai haɗa ƙasa mai rai waɗannan halittu yake kiwo, su kuma su ciyar masa da shuka.

To ta yaya shuka ke samun abinci idan ba a zuba mata taki mai narkewa a ruwa ba?

Ciniki take yi. Shuka tana haɗa sukari a ganyenta da hasken rana, sai ta tura wani kaso mai kauri zuwa saiwa, ta tsiyayar da shi cikin ƙasa da gangan. Bakteriya su taru a wurin su sha, su hayayyafa. Halittun da suka fi su girma su zo su cinye su, su fitar da rarar naitirojin, sinadarin da shuka ke bukata don girma, a daidai bakin saiwa. Akwai kuma wata fumfuna da ke shiga cikin saiwar kanta, ta miƙa zarenta nesa zuwa inda saiwa ba ta kaiwa, ta jawo ruwa da fosfaras, wani abincin shuka, a biya ta da sukari. Kusan kashi 80 cikin 100 na tsirran da ke doron ƙasa suna da irin wannan ƙawance. Dangin kabeji ba sa cikinsu, don haka kada wani ya sayar maka da garin wannan fumfuna don kabeji.

Dangin wake da gyaɗa nasu cinikin daban ne. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Wasu bakteriya da ke zama cikin ƙurajen da ke jikin saiwar wake su ke kamo shi. Ka tumɓuke wake ɗaya, ka fasa ƙurjin da farce. In cikinsa jaja-jaja ne, aiki na gudana. In fari ne ko kore, babu abin da ake yi.

Me da me ake haɗawa?

Haɗin da ya fi yaɗuwa ga masu shuka a tukwane kashi uku ne daidai wa daida, da ma'aunin mazubi, ba na nauyi ba:

Kashi ɗaya abin da ke riƙe danshi: ruɓaɓɓen ganye, ko zaren ɓawon kwakwa da aka wanke gishirinsa, ko ƙasar saman lambu mai laushi.

Kashi ɗaya takin juji da ya nuna, ko kashin tana, ko gaurayensu.

Kashi ɗaya abin da ke buɗa ƙasa iska ta shiga: ɓuntun shinkafa, ko ƙananan duwatsu masu ƙofofi irin na dutse mai aman wuta, ko yashi mai manyan tsaba.

Kashi na ukun nan shi mutane ke rainawa, shi ne kuma ke kashe musu shuka. Saiwa tana numfashi. Lallausan rairayi ba ya wannan aikin, in ma aka haɗa shi da yumɓu sai abin ya ƙara daskarewa. Ɓuntu kuma yana ruɓewa a hankali, don haka ƙasar za ta riƙa lotsawa, sai ana ƙarawa.

Mai fangali a ƙasa ba ya bukatar wannan lissafin. Ya shimfiɗa takin juji mai kaurin santimita 3 zuwa 5 a kan ƙasar da yake da ita, ya lulluɓe da ciyawa.

Yaya ake yin takin juji mai kyau?

A nan aikin yake. Duk sauran kayan haɗin ana iya musanya su, amma in takin juji bai yi kyau ba, ƙasar ba za ta yi rai ba ko me aka zuba mata.

Kaya iri biyu ake tarawa. Akwai busassu: karmami, busasshen ganye, yankakken kara, ƙaiƙayi, kwalin da ba shi da leda. Akwai ɗanyu: ɗanyar ciyawa, ɓawon kayan lambu da na 'ya'yan itace, kashin shanu ko na awaki ko na kaji. Busassun su ne makamashi, ɗanyun su ke kawo naitirojin. Masana suna cewa a nemi kabon, sinadarin da busassun ke kawowa, kashi 25 zuwa 30 kan naitirojin kashi ɗaya, amma ba wanda ke zuwa lambu da na'urar lissafi. A aikace, kwando biyu ko uku na busassu kan kwando ɗaya na ɗanyu, a shimfiɗa hawa-hawa, ana yi ana yayyafa ruwa.

Tsibin ya kai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya bisa. In bai kai haka ba, ba ya riƙe zafi. Danshinsa ya zama kamar soson da aka matse: ka damƙa, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, kada ya tsiyaya. Cikin 'yan kwanaki cikinsa zai ɗau zafi har ka kasa barin hannunka. Ana so ya kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salsiyas ya daɗe a haka kwanaki, domin wannan zafin ne ke kashe irin ciyawa da mafi yawan ƙwayoyin cuta. In ya haura 70, halittun da ke ruɓar da shi ma mutuwa suke yi, sai a juya shi ya sha iska. Juyawar tana da wani amfanin: abin da ke gefe bai taɓa jin zafi ba, dole ya koma tsakiya.

Hanci ya isa ya gaya maka abin da ke faruwa. Warin fitsari mai hawa kai yana nufin ɗanyu sun yi yawa, naitirojin yana tserewa cikin iska, sai ka ƙara busassu. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nufin ruwa ya yi yawa iska ta ƙare, sai ka wargaza tsibin ka sake tarawa. In kuwa ba wari ba zafi, ya zauna yadda ka bar shi, to ko dai ya bushe ko ɗanyu sun yi kaɗan.

Abubuwan da ba sa shiga: nama, mai, kashin kare da na kyanwa, shukar da cuta ta kashe, da katakon da aka shafa wa fenti ko maganin gara.

Wanda ba shi da ƙarfin juyawa ya tara ya bari. Zai ruɓe, sai dai zai ɗauki wata shida zuwa shekara maimakon wata biyu ko uku, kuma irin ciyawa zai tsira.

Yaya zan gane ya nuna?

Ya yi baƙi, ya huce, ba ka gane abin da aka zuba, kuma ƙamshinsa na ƙasa ne. In kana shakka, cika ƙaramin gwangwani da shi, ka cika wani da ƙasar da ka amince da ita, ka shuka wake a kowanne. Mako biyu zuwa uku sun isa ka ga bambanci. In waken cikin takin ya ƙi tsirowa, takin bai gama ba. In ya tsiro amma sabbin ganyensa suna nannaɗewa suna murɗewa, wannan wata matsala ce daban: akwai magungunan kashe ciyawa, irin su aminopyralid, da ke ratsa cikin dabba su fito a kashinta da ƙarfinsu, kuma juji ba ya karya su da wuri. Tumatir da wake sun fi kowa jin jiki. Wanda ke karɓo kashin dabbobi daga hannun wasu, wannan gwajin ya zama masa dole.

Ba zan iya zuba kashin dabbobi kai tsaye ba?

Ɗanye, a'a. Na kaji musamman yana da zafi, yana ƙona saiwa. Sannan akwai ƙwayoyin cutar ciki da ke iya hawa kan ganyen da za a ci ɗanye. Dokar noma marar sinadari ta Amurka ta sa a bar kwana 120 tsakanin zuba ɗanyen kashin dabba da girbin abin da ke taɓa ƙasa, kamar karas da latas, kwana 90 kuma ga wanda ba ya taɓawa. Ma'auni ne mai kyau ga kowa. Mafi sauƙi dai ya bi ta juji tukuna.

Toka da gawayi fa?

Mutane suna haɗa su wuri ɗaya, alhali aikinsu ya sha bamban. Tokar itace tana da fotashiyam da kalsiyam, amma tana rage tsamin ƙasa da sauri. Yawancin kayan lambu sun fi son ma'aunin pH tsakanin 6 da 7, wato ma'aunin tsamin ƙasa da lambarsa ke hawa idan tsami ya ragu. In ƙasarka ba ta da tsami dama, toka za ta haura da ita sama, sai baƙin ƙarfe da fosfaras su ƙulle, shuka tana zaune a kan abinci tana yunwa. Ɗan barbaɗi a juji ya isa. Tokar da aka ƙona leda ko batir a cikinta kuwa, kada ta kusanci lambu.

Gawayi ba abinci ba ne, masauki ne. Jikinsa cike yake da ƙananan ƙofofi da ke riƙe ruwa da abinci, kuma ba ya ruɓewa da sauri. Baƙar ƙasar nan ta dajin Amazon wadda mutanen wancan zamani suka gina da gawayi da shara ɗaruruwan shekaru da suka wuce har yau ta fi ƙasar da ke kewaye da ita albarka. Sai dai sabon gawayi wofi yake, in ka zuba shi haka nan zai fara tsotse abincin da ke ƙasar. A daka shi, a cuɗa shi da juji ya yi makonni, sannan a sa. Kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na haɗin.

Ina ganin ana lissafa garin ƙashi, garin jini, garin ciyawar teku da sauransu. Dole ne?

Ba dole ba ne. Ga aikin kowanne a taƙaice: garin jini naitirojin ne mai saurin aiki, kusan kashi 12 cikin 100, kuma yana ƙuna in ya yi yawa. Garin ƙashi fosfaras ne da kalsiyam, yana narkewa a hankali, kuma a ƙasar da ba ta da tsami kusan ba ya narkewa. Tunkuzar da ta rage bayan an matse man 'ya'yan dogon yaro tana ba da naitirojin, tana kuma rage wasu ƙwarin ƙasa. Garin ciyawar teku yana kawo fotashiyam da ƙananan ma'adinai. Ɓawon ƙwai kuwa, in ba a niƙa shi ya zama gari ba, za ka tarar da shi baɗi yadda ka bar shi.

A ganina, ga sabon shiga, abu ɗaya ko biyu sun isa, wajen tafin hannu guda a kowace lita 20 ta ƙasa. Shukar da yawan taki ya kashe ta fi wadda rashinsa ya kashe yawa a tukwanen gida. Abin da ka zuba ba ya ɗebuwa, wanda ka rage kuwa kana iya barbaɗawa daga sama ko yaushe.

Da na gama haɗawa sai in shuka?

Dakata mako biyu zuwa huɗu. Ka jiƙa ta, ka rufe da buhu a inuwa. In akwai garin jini ko tunkuza a ciki, za ta ɗan yi ɗumi yayin da halittu ke cinsu, kuma wannan lokacin ba na saiwar jariri ba ne. Ko bayan ta huce, iri ya fi son ƙasa marar ƙarfi. Ka yi ɗan rami a tsakiya, ka cika da ƙasa mai sauƙi, ka shuka a ciki, saiwa za ta iske mai ƙarfin idan ta girma.

Wane girman tukunya ya dace?

Babba. Ƙaramar tukunya tana bushewa da yamma, ta jiƙe da safe, ta yi zafi da rana, halittun ciki ba sa samun natsuwa, abincin kuma yana ƙarewa kafin shuka ta yi 'ya'ya. Tumatir ɗaya kada ya gaza lita 20. Wanda ke son ƙasar ta shekara tana aiki ba tare da an juye ta ba, ya nemi lita 50 zuwa sama.

A huda gindin sosai. Tsakuwar da ake zubawa a ƙasan tukunya da sunan taimaka wa ruwa ya fita ba ta yin haka. Ruwa ba ya saurin tsallakawa daga lallausar ƙasa zuwa tsakuwa, sai ya taru a samanta, wato ya matso kusa da saiwa.

Yaya ban ruwa?

Kada ta bushe ƙarau, kada ta zama taɓo. Tura yatsa zuwa gaɓa ta biyu: in da danshi, bari. In za ka ba da ruwa, zuba a hankali har ya ratsa, ba yayyafi a sama ba. Ƙasar da ta bushe sosai tana ƙin ruwa, ya bi gefen tukunya ya fita kana zaton ta ƙoshi, sai ka ba ta kaɗan, ka jira, ka ƙara.

Baƙin tabon da ke fitowa a gindin tumatir da barkono ana cewa rashin kalsiyam ne, kuma gaskiya ne, amma galibi kalsiyam ɗin yana nan cikin ƙasa. Ruwa ne ke ɗaukarsa zuwa 'ya'ya, in ban ruwa ya zama yau ambaliya gobe fari, sai ya kasa isa. Gyara ban ruwan kafin ka sayi komai.

Ruwan famfo mai kulorin ba abin tsoro ba ne sosai, ƙasa mai taki tana kashe kaifinsa. Mai son ya kiyaye ya tara shi a buɗaɗɗen baho ya kwana.

Me ya sa ake cewa kada a kaftu?

Saboda zaren fumfuna da ramukan tana gini ne da aka ɗauki watanni ana yi, fartanya kuma ta rushe shi a wuni ɗaya. Juya ƙasa yana kuma fito da irin ciyawar da ke kwance a ƙasa zuwa haske. Bayan girbi, yanke shukar daga gindi ka bar saiwar ta ruɓe a inda take. Ka ƙara takin juji a sama, ka lulluɓe da busasshiyar ciyawa ko ganye mai kaurin santimita 5 zuwa 8, ka bar ɗan fili kewayen kara don kada ya ruɓe. Lulluɓin nan yana tsare danshi, yana sanyaya ƙasa, kuma shi ne abincin baɗi.

Dusar katako a sama ba laifi. In ka cuɗa ta cikin ƙasa, bakteriyan da ke cin ta za su kwashe naitirojin ɗin da ke kusa, shuka ta koma ruwan ɗorawa.

Akwai inda kaftu ɗaya ya zama dole, wato ƙasar da aka tattake ta yi tauri. A buɗe ta sau ɗaya, daga nan a daina takawa a kai.

Sai na sa tana a ciki?

A fangali, in ka ajiye abinci da danshi, za su zo da kansu. A babbar tukunya kana iya sa 'yan kaɗan daga irin waɗanda ke zama cikin juji, don su ke jure zaman mazubi. Ba sa cin saiwa mai rai.

Na ga farin abu kamar auduga a kan ƙasa, ga kuma ƙananan ƙwari suna yawo. Ta lalace ne?

Farin zaren da ke ƙarƙashin lulluɓi fumfuna ce tana aikinta, har laimar kwaɗi in ta fito ba komai. Yawancin ƙwarin da ke cikin ƙasa masu cin ruɓaɓɓen abu ne ko masu farautar 'yan uwansu. Waɗanda za ka sa wa ido su ne ƙananan baƙaƙen ƙudajen da ke tashi idan ka taɓa tukunya, domin tsutsarsu tana gaigayar saiwar ƙananan tsirrai. Alama ce cewa ruwa ya yi yawa. Ka bar saman ƙasar ya sha iska tsakanin ban ruwa. Masu tsotsar ruwan ganye kuwa sun fi afka wa shukar da naitirojin ya yi mata yawa. A fesa musu ruwa da ƙarfi, in sun ƙi a bi da man dogon yaro da ɗan sabulu da yamma, lokacin da zuma ba ta yawo.

Ganye ya koma rawaya, me zan ƙara?

Kafin ka ƙara komai, dubi wane ganye ne. In tsofaffin ƙasa ne suka fara, mai yiwuwa naitirojin ne, don shuka tana kwashe shi daga tsoho ta kai wa sabo. Barbaɗa kashin tana ko takin juji a sama. In sabbin sama ne suka koɗe jijiyoyinsu na kore, ka zargi toka ko ruwa mai gishiri da suka rage tsamin ƙasar. In kuwa duk shukar ta yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take, saiwa ce ta shaƙe, ƙarin taki zai ƙara mata ciwo ne kawai.

Ruwan jiƙon taki da ake yayi yana aiki?

Yana ba da ɗan abinci. Maganar cewa yana warkar da cututtukan shuka kuwa, bincike bai tsaya a kan abu ɗaya ba. In an sa masa sukari ko ruwan rake aka bar shi ya daɗe, ƙwayoyin cutar ciki ma suna iya hayayyafa, don haka kada a fesa shi a ganyen da za a ci ɗanye. Takin da za ka jiƙa, da ka shimfiɗa shi a gindin shuka da ya fi.

Shin wannan ce ƙasar da masu noman tabar wiwi ke magana a kai?

Ita ce. A ƙasashen da doka ta sassauta, masu shuka ta a gida sun rungumi wannan hanya sosai, da yawa daga kayan haɗin da ake talla ma saboda su ake yi. Yurugwai ta halatta a 2013, ta ƙayyade shuka 6 ga gidan da ya yi rajista. Dokar tarayyar Kanada ta 2018 ta yarda da 4 ga kowane gida, ko da yake larduna suna da ikon tsaurarawa. Jamus ta yarda da 3 ga kowane baligi tun Afrilun 2024. A mafi yawan ƙasashen duniya kuwa noman ta laifi ne mai kai mutum gidan yari, kuma cewa ba a sa takin zamani ba ba hujja ba ce a gaban alƙali. Ta fuskar ƙasa, babu wani asiri na daban: haɗin da ke ciyar da tumatir ne.

Zan iya sake amfani da ƙasar bara?

Dalilin yin ta ke nan, tana ƙara kyau da shekaru in ana ciyar da ita. Sai dai kada ka maimaita dangi ɗaya a wuri ɗaya. Tumatir, barkono, gauta da dankalin Turawa 'yan gida ɗaya ne, cututtukansu ɗaya, don haka ka bi su da wake ko ganye. In ka tumɓuke shuka ka ga saiwarta ta kumbura ƙulli-ƙulli waɗanda ba sa ɓantaruwa da farce irin na wake, ƙananan tsutsotsin saiwa ne suka shiga. Ka fitar da wannan saiwar gaba ɗaya, kada ta shiga juji, ka wanke kayan aikinka, sannan ka ba wa mazubin hutu daga dangin tumatir na shekara biyu ko uku.